Ranar Da Muka Je Ɗauko Malama Hadiza

Madabo

Ana kiran assalatu wayata ta yi ƙara. Ni ce shugabar wata makarantar firamare ta 'yan mata a nan cikin gari, don haka na saba da wayar asuba, musamman da damina: ko maigadi ya ce katanga ta zube, ko wata malama ta ce ɗanta ya kwana da zazzaɓi. Wannan karon Inna ce, mahaifiyar Malama Hadiza mai koyar da 'yan aji huɗu, wadda ta tafi ƙauyensu can gaban Bichi goyon ciki, kamar yadda ake yi a haihuwar fari.

Hadiza 'yar fari ce, su kuma Fulani ne. Tunda na san Inna ban taɓa jin sunan 'yarta a bakinta ba, sai dai "yarinyar nan" ko "waccan". Amma ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Ko gaisuwa ba ta ƙarasa ba ta ce, "Hajiya, Hadiza ce. Hadiza ta faɗi tana karkarwa, ba ta gane kowa."

Nan take na gane ciwon. Jijjigar masu ciki ce, kuma na san matan da ta kai kabari a layinmu. Na ce a kai ta asibiti yanzu-yanzu. Inna ta ce Malam, mahaifin Hadiza, ya hana, wai matar wani ce, ba za a fita da ita ba sai da izinin mijinta. Shi kuma mijin, Bukar, ya ƙetare iyaka saro kaya, wayarsa ba ta shiga.

Na kira Hajiya Talatu, kansilar da ke kula da harkar lafiya a ƙaramar hukumarmu. Ta ce motar asibiti ta fita da wani, amma za ta turo tata da direba su jira ni a Ƙofar Mazugal, tunda mota ba ta shiga lungunmu. Ta koya min yadda zan kwantar da Hadiza ta gefe idan abin ya taso. Sannan ta gaya min gaskiyar da ba na so: shugabancina a bakin ƙofar makaranta ya tsaya, can ba wanda zai miƙe tsaye don na shigo. Ta ce in nemi uwar mijin in tafi da ita. Na yi salla, na gaya wa maigida, ya ce Allah ya kiyaye hanya.

Dukawuya

An kwana ana ruwa, lunguna duk caɓi. Na tattare zane na bi ta gindin katangu, ina tsoron wata ta rufto min, ina tsoron in makara. Na tarar da Hajiya Yagana, uwar Bukar, a kan sallaya da carbi. Babarbariya ce, kakanninta suka zo daga Barno, ga tsufa ga ciwon gwiwa ga baki. Da na ambaci asibiti ta taɓe baki, ta ce ita duk 'ya'yanta a ɗaki ta haife su, 'yan boko dai ba ma rabo da tayar da hankalin mutane. Sai na gaya mata Inna ta kira sunan 'yarta har sau biyu. Nan take ta ajiye carbin ta jawo mayafi.

Fito da ita bakin titi ba ƙaramin aiki ba ne. Taku kaɗan sai ta dafa bango ta huta, ni kuma ba damar in ce ta yi sauri. Allah ya kawo mana ɗan adaidaita sahu mai sammako, ya zuba mu.

Ƙofar Mazugal zuwa Dawanau

Gari ya fara haske muka iske Malam Sani direba, masu shayi na hura wuta, 'yan dako na jiran aiki. Muka ɗauki hanyar Katsina. A shingen farko ɗan sanda ya leƙo, kafin ya buɗe baki Hajiya Yagana ta ce masa haihuwa ce, ya ja da baya ya yi mana addu'a.

A Dawanau ne muka cije. Manyan motocin hatsi sun cushe titi, ba gaba ba baya. Malam Sani yana ta ba ni labarin tsadar mai, ina amsa masa da "uhm" ba tare da na ji ba. Inna ta sake kira. Na ɗaga, ban ji komai ba sai hayaniyar mata da wani gurnani da na san ba na dabba ba ne, sannan layi ya katse. Na kira na kira, bai shiga ba. Tsohuwa ta miƙo min dabino, na karɓa na riƙe a hannu. Ban san ko mai rai za mu je ɗaukowa ba ko gawa.

Gaban Bichi

Hantsi ya yi muka bar kwalta muka kama burji, daga nan sai turɓaya da kwazazzabai tsakanin gonakin gero. Muka zo wani rafi da ya cika ya kawo, ruwa jajir yana gudu. Malam Sani ya fita ya gwada da sanda, ya ce motar Hajiya ba za ta ƙetare ba ko da aljani ke tuƙa ta. Wani mai amalanken shanu ya yarda ya haye da mu. Ni da ko kududdufin bayan makaranta nake yi wa yara tsawa a kansa, sai ga ni a tsakiyar rafi na rungume tsohuwa ina karanto duk addu'ar da ta zo bakina, har da ta cin abinci.

Ƙauyen su Hadiza

Mun tarar da Malam Ja'e, mahaifinta, a ƙofar gida da dattawa. Aka fara gaisuwa: gajiya, damina, mutanen birni, shanu. Ina amsawa, kunnena na cikin gida. Da aka zo magana na zuba masa bayani irin na taron iyayen yara, hawan jini, kumburi, haɗarin da ke ciki. Ya saurare ni da ladabi har na gama, idonsa a ƙasa.

"Hajiya, aro aka ba ni ita ta haihu," in ji shi. "In aka kai ta aka yanka, ta mutu a hannunsu, me zan ce wa mai ita?"

Ba mugu ba ne. Mutum ne da aka damƙa wa amana, kuma kunya ba za ta bar shi ya nuna 'yar fari ta dame shi ba.

Sai Hajiya Yagana ta gyara zama. Kowa ya san wasan da ke tsakanin Barebari da Fulani, abin da ni in na faɗa zai zama zagi, ita a bakinta zumunci ne.

"Kai Bafillace, bawana, tun yaushe bawa yake riƙe wa uwargijiyarsa kaya? Ni na haifi mai itan. Na zo karɓar arona, ɗauko min."

Dattawa suka yi murmushi. Malam Ja'e bai tsaya ramawa ba. Ya dubi mutanen wurin ya ce su shaida ita ta karɓa. Daga nan ya miƙe da sauri kamar saurayi, shi da kansa ya juya shanun ya shimfiɗa katifa a amalanke.

A ɗaki hayaƙin turare ya turnuƙe, don mata sun ɗauka iska ce. Hadiza, yarinyar da ke shiga aji da tsalle, ta kumbura har ban gane fuskarta ba, ta ciji harshenta, jini ya bushe a gefen baki. Na kira ta, ba ta san ni ba. Aka kawo mana fura, ba wanda ya kalle ta.

Komowa

A tsakiyar rafi abin ya sake tasowa. Jikinta ya sandare, ta shiga karkarwa, amalanke na tangaɗi, ruwa na dukan ƙafar shanu. Na juya ta gefe yadda aka koya min, Inna ta riƙe ƙafafu, Malam Ja'e na cikin ruwa har ƙugu yana jan igiya bai waiwayo ba. Ban taɓa jin tsoro irin na wannan wuri ba, kuma ba na fatan in sake.

Muka ƙetare muka sa ta a mota, Inna da Malam Ja'e suka shigo tare da mu. Da muka hau kwalta, ma'aikaciyar wani ƙaramin asibiti tana tsaye a bakin hanya da allura a hannu, Hajiya Talatu ta riga ta yi mata waya. Ta yi wa Hadiza allurar a cikin mota, ta kara abin saurare a cikinta, ta daɗe tana matsar da shi. Na tambaye ta yaya ɗan. Ta ce mu dai yi sauri.

Dawanau ta sake tare mu da azahar. Wannan karon Malam Sani ya sauka yana faɗa wa mutane mai haihuwa ce, 'yan dako suka ajiye buhuna suka shiga tsakanin motoci suna buga musu jiki, har aka buɗe mana 'yar hanya. Ban san sunan ko ɗaya daga cikinsu ba.

Cikin gari

Hajiya Talatu na jiran mu a ƙofar asibiti da gadon turawa. Aka wuce da Hadiza ɗakin tiyata, Hajiya Yagana ta dangwala yatsa a takardar izini a madadin ɗanta. Aka nemi jini, malamaina da suka taso daga makaranta suka miƙa hannu, Malam Sani ma ya bayar. Muka zauna a baranda, kowa da abin da yake karantawa a zuciyarsa.

Bayan la'asar likita ta fito. Ta ce Hadiza ta tsira, da an ƙara jinkiri kaɗan da ba haka ba. Jaririyar kuwa mace ce, ta riga ta koma tun a hanya. Malam Ja'e da mazan Dukawuya suka kai ta makwancinta kafin magariba, uwar ba ta farfaɗo ta gan ta ba.

Na shigo Madabo ana kiran magariba, zanena ya bushe da jar laka. Na gode wa Allah da ya bar mana Hadiza. Na gode wa Hajiya Talatu, da Malam Sani, da mai amalanke, da ma'aikaciyar bakin hanya, da 'yan dakon Dawanau, da tsohuwar da ta bi ni da gwiwar da ba ta kai ta ko kasuwa. Allah ya saka wa kowa da alheri.

Washegari na shiga aji huɗu in riƙe musu darasi. Labari ya riga ni zuwa cewa na je ƙauyen malamarsu. Suka miƙe suka gaishe ni, ba su zauna ba wata daga gaba ta ce, "Hajiya, me Malama ta samu?"

Na ce mace.

Aji ya kaure da tafi, har da masu guɗa, wasu na gardamar sunan da za a sa mata. Na tsaya riƙe da alli, na bar su suka gama murnarsu. Sannan na ce su zauna, akwai sauran magana.