Kurkunun da Ya Fito wa Malam Tace

Assalamu alaikum jama'a. Kwana biyu kun ji ni shiru, lafiya lau nake. Jikata ce ta ga tabo a idon sawuna ta tambaya, na ce mata cizon kare ne. Tun da na baro ƙauye nake ɗora wa karnuka laifin nan, yau dai zan faɗi gaskiya.

Ƙarshen shekarun 1980 ne, ina koyarwa a firamaren wani ƙauye tsakanin Kura da Bunkure. In an rufe kanal, wato magudanar ruwan noman rani, don yashe, ruwan kududdufi muke sha, kuma duk shekara kurkunu sai ya kwantar da mutane ana tsakiyar aiki. Ma'aikatan lafiya suka zo suka raba ƙyallen tace ruwa, suka naɗa ni mai wayar da kan jama'a, don ni ne mai biro a aljihu.

Ai kuwa na ɗauki abin da zafi. Gida-gida nake bi ina sa a fito min da randa. Har suna aka sa min, Malam Tace, ni kuma ina jin daɗi.

Mutum ɗaya ya ƙi ni, Baba Sule, tsohon manomin albasa.

"Ɗan nan, kurkunu jijiya ce, a jini take. Ruwa me ya sani?"

Kullum sai mun yi.

Abin da ba wanda ya sani shi ne, wata rana na taso daga gonar tumatirina, rana ta take, maƙogwaro ya bushe, ƙyallen kuma yana gida. Na duba gabas, na duba yamma, ba kowa. Na durƙusa bakin kududdufi na yi kamfata uku. Har hamdala na yi.

Sai da aka shekara, na ma manta, sannan ƙaiƙayi ya fara. Zazzaɓi, tashin zuciya, sai bororo a idon sawu mai zafi kamar an ɗora garwashi. Ranar da ya fashe na ga farin zare ya leƙo.

Na san shi sarai. Hotonsa nake yawo da shi a kwali.

Na sa safa da takalmi sau-ciki a cikin zafin nan, na ci gaba da wa'azin tata ina ɗingishi. Wanda ya tambaya in ce targaɗe ne. Matata Hajara ta zuba min ido kwana uku, sannan ta ce, "Malam, ƙudajen gidan nan ma sun san abin da ke cikin safar nan."

Maimakon in tafi asibiti, sai na ce bari in zare shi gaba ɗaya a huta. Na ja. Ya tsinke.

Kafin kwana biyu ƙafa ta yi suntum kamar turmi. Ƙanen Hajara ya goya ni a babur zuwa asibiti a Kura. Ma'aikacin ya duba ya ce, "Wa ya ja?"

Na ce wani jahili ne.

"To ka gaya masa saura kaɗan ya gurgunta ka."

Ya ce babu maganin da ke kashe shi, sai haƙuri. Aka matse mugunya, aka yi min allura, aka ba ni ƙwayoyi. Da bakin abin ya sake leƙowa aka naɗe shi a tsinken ashana. Kowace safiya a wanke, a murza kaɗan, a ɗaure. Wata rana ko rabin gaɓar yatsa ba ya fitowa. Ma'aikacin ya kuma ce ƙafar tana iya sandarewa. Ranar na yi kuka, ba zan ɓoye muku ba, na ji tsoro sosai.

Sati shida ina kwance. Tumatirina ya ruɓe a gona, abincin gida ma surukaina suka riƙe mu.

Ana cikin haka Hajara ta zo da labari.

"Malam, gari fa an daina tace ruwa. An ce tunda mai tacewar ma ya kamu, ƙyallen ba shi da amfani. Koko ake tacewa da shi yanzu."

"Koko?"

"Ni ma na gwada, gasarar laushi."

Dariyar ba ta zo min ba. Kanal a rufe yake, yaran da nake koyarwa suna shan kududdufi tsagwaronsa. In na yi shiru mutuncina ya tsira, baɗi kuma su ne a kwance. In na yi magana, Malam Tace ya ƙare.

Ranar Juma'a bayan an sauko, aka turo ni a baro har ƙofar dagaci. Na ce, "Ranka ya daɗe, ƙyalle bai yi laifi ba. Ni ne na sha ban tace ba."

Baba Sule ya matso, ya sunkuya yana kallon tsinken ashanar.

"Sau nawa ka sha?"

"Sau ɗaya, Baba. Kamfata uku."

"Ukun ne suka yi maka haka?"

"Su ne."

Ya jinjina kai ya ce, "A ba ni ƙyalle biyu. Kai har yanzu ban yarda da kai ba, da ƙafarka na yarda."

Aka kwashe da dariya, har dagaci. Ranar aka sauya min suna zuwa Malam Kamfata, kuma har gobe shi nake amsawa in na je. Amma ƙyallaye sun koma bakin randa.

Ƙafa ta warke, da ita nake zuwa masallaci. Na gode wa Allah. Na gode wa Hajara da ta yi sati shida tana murza ashana tana tsokanata, da ma'aikacin nan da ya gane jahilin amma ya rufa masa asiri. Baba Sule kuma Allah ya jiƙansa.

Kurkunu ya zama labari, amma ruwa marar kyau yana nan da sauran cututtukansa. Ku tace, ku tafasa, ku rufe randa, ku tafi gona da ruwanku a gora. Ciwo in ya fito kar ku yi wa kanku aikin likita. In kuma kuskuren naku ne, ku faɗa tun kuna iya zuwa da ƙafarku.