Littafin da Na Ɓoye a Jakar Azkar

Edita, lokacin da abin nan ya faru ina aikin ba da magani a wani asibiti a unguwar Al-Sadd ta birnin Doha, maigidana injiniya ne, 'ya'yanmu biyu. A wajen mutanenmu na Doha ni ce matar da ake misali da ita. Ba na fashin ta'alimin mata na ranar Asabar a unguwar Bin Omran, ba a jin muryata sama, ko sunan mijina ban taɓa kamawa a gaban jama'a ba. Kuma ba zan ɓoye muku ba, ina jin daɗin wannan yabon ƙwarai.

A wurin aikinmu akwai wata nas 'yar Kanada, daga ƙabilun da suke asalin ƙasar tun kafin Turawa su je. Wata rana muna shan shayi ta ara mini littafin Turanci, ta ce waƙoƙi ne da gajerun labarai da marubutan mutanensu suka haɗa a kan sha'awa da abin da ke tsakanin mace da namiji. Ta ce an daɗe ana koya wa iyayensu jin kunyar jikinsu da harshensu, shi ya sa yanzu suke faɗin abinsu da bakinsu. Na karɓa ne kawai don kada ta ce na raina ta. Shafi uku na karanta na rufe, kunnuwana suna zafi. Washegari kuma sai ga ni na sake buɗewa! Akwai wuraren da na tsallake don sun fi ƙarfina, amma labarin wata tsohuwa mai tuna hannun mijinta da ƙanshin hayaƙin kifi, sau uku na karanta ina hawaye. Shekara goma da aure ban taɓa iya ce wa maigidana na yi kewarsa ba. A makon nan na faɗa, har ya taɓa goshina ya tambaya ko lafiya.

Matsalar ita ce zanen da ke bangon littafin, ba abin da yara za su gani ba ne. Sai na yi dabarar banza. Na cire littafin azkar daga koriyar jakarsa mai zif da rubutun zinare, na zura wannan a ciki, na jera shi cikin littattafan addini, inda na san yara ba sa taɓawa. A daidai lokacin surukata, mahaifiyar maigidana, ta biyo ta wajenmu daga Umara za ta yi wata guda. Hajiya ba ta karanta boko, amma tana son littafin addini kamar ranta. Kwana biyu da zuwanta ta ɗauko jakar, ta ga Turanci, ta tambaye ni mene ne. Bakina ya riga hankalina, na ce fassarar addu'o'i ce. Ta sa mini albarka, ta ce zai zauna a ɗakinta. Kullum sai in ce yau zan sace shi, kullum yana cikin jakar hannunta.

Ranar Asabar muka tafi ta'alim tare. Mata sun fi ashirin, har da matan abokan aikin mijina. Ana gama karatu Hajiya ta zaro koriyar jakar nan ta miƙa wa malamarmu, wata dattijuwa 'yar Zangon Kumasi mai jin Turanci sosai, ta roƙe ta ta fassara mana ko shafi ɗaya kowa ya samu lada, ta ƙara da cewa na surukarta ne. Innalillahi! Na ga mutuncina a wajen uwar mijina ya ƙare, na ga labarin ya isa gida Zariya kafin magariba. Malama ta gyara tabarau ta karanta a zuci, ta juya shafi, ta sake juyawa, sannan ta ɗago ta dube ni ta saman gilashin. Sai ta ja zif ta ce wannan littafin zaman aure ne, ba a karanta shi a taro, maza a kawo abinci.

A kicin ta tare ni. Ta ce ba za ta tona mini asiri ba, amma ba za ta taya ni yi wa tsohuwa ƙarya ba. Abin da nake karantawa tsakanina da Ubangijina ne, in ji ta, amma jakar nan sunan Allah ne a jikinta, da wane ido na yi haka? Ta ba ni littafin a leda, jakar daban.

Washegari da la'asar na fita da Hajiya shan iska a Corniche, bakin teku. Muna zaune a benci na gaya mata komai, kaina a ƙasa. Ta kawar da kai tana kallon jiragen katako. Can ta yi salati ta ce kwana shida ke nan tana ɗaura alwala kafin ta taɓa shi, da ciwon gwiwar nan nata! Sai ta tambaye ni me ma aka rubuta a ciki. Na ba ta labarin tsohuwar nan ina in'ina. Ta yi tsaki ta ce wannan ne abin ɓoyewa? Waƙoƙin da suke yi wajen dakan biki a garinsu, da masu littafin sun ji da sun toshe kunne. Ta ja kunnena da gaske ta ce ita ƙaryar ce ta ƙona mata rai, don ta ɗauke ni 'ya. Na fashe da kuka a gaban mutane, ta ce in share, ta yafe, kuma ba za ta gaya wa ɗanta ba. Ni na gaya masa da kaina.

Na yi istigfari, na mayar wa mai littafi abinta, har yau kuma in na tuna sai na yi ajiyar zuciya na gode wa Allah da ya rufa mini asiri ta hannun mata biyu. 'Yan uwana mata, abin da za ki karanta ki tsaya ki auna shi da kanki. In ba ki iya kare shi ba, ki ajiye. In kin iya, ki sa shi a durowa ki kulle. Amma kada ki kuskura ki lulluɓe shi da addini, don wanda ya fi yarda da ke shi zai fara ɗauka da hannu biyu.