Rumbun da Munka Yi Ta Saye Ba Mu Buɗe Ba

A shekarun farin nan ni ɗan dillalin hatsi ne a wani ƙauye kusa da Gangara, mai mata ɗaya da 'ya'ya uku, ga tsohuwata a hannuna. Ina da baki, ina kuma ganin kaina da wayo. Abin da na mallaka na kirki guda ne, gonar da mahaifina ya bar muna a bakin fadama.

Damina biyu a jere ruwa yana ɗaukewa tun hatsi bai yi bununi ba. To akwai wani dattijo a garinmu da kowa ya shaida da gaskiya, yana da babban rumbun ƙasa da ya liƙe bakinsa tun shekarar ƙoshi. Da zai bi 'ya'yansa ci-rani sai ya sayar wa wani mahauci da rumbun yadda yake, ya ce dami ɗari biyu ne a ciki. Mahaucin bai buɗe ba. A wurinmu kuwa leƙa rumbun mutum kamar leƙa ɗakin matarsa ne, kuma wanda ya ce sai ya gani ya ƙaryata dattijo ke nan. Bayan wata guda mahauci ya sayar da shi da riba, wanda ya saya shi ma ya sayar. Duk ranar kasuwar Sabon Birni kuɗin tiyar hatsi na hawa, kuɗin rumbu na binsa. Hannu biyar ya wuce, uku daga ciki ni na ƙulla cinikin na ci la'ada. Wallahi ko sau ɗaya ba wanda ya taɓa murfin.

Kwaɗayi ya ci ni. Na ce don mi za ni tsaya ga la'ada wasu na kwasar riba? Na jinginar da gonarmu ga wani attajiri a Isa don in saye rumbun, a kan in ban biya ba kafin shuka gona ta zama tasa. Tsohuwata ta ce mini ita ba ta taɓa jin inda anka yi cinikin biri a sama anka ƙare lafiya ba. Na ce mata, Inna ta bar wa maza zancen kasuwa. Kaico, wanga baki nawa.

Da rumbun ya zama nawa nakan je in dube shi da rana tsaka. Gidan dattijon ya zama kango, shiru kamar maƙabarta. Ko kaza ba ta kiwo a gindin rumbun, ko ɓera ban taɓa gani ba, alhali yunwa ta sa ɓeraye na cin tabarmi a gidajenmu. In na kara kunne a jikinsa sai in ji wani sauti siriri, shuuu, kamar numfashin mai barci. Na gaya wa mahaucin, ya yi dariya ya ce ai albarka ce ke motsi, shi ma ya sha jinta.

Sai labari ya zo dattijon ya rasu a can. Daga ranar ba wanda ya sake taya rumbu, tunda maganarsa ce kaɗai shaidar abin da ke ciki. Lokacin biya ya matso, ƙaramar ɗiyata ta fara kumburin yunwa, dole na hau na fasa murfin, mutane na tsaye suna kallo. Dammunan na nan jere, zangarnu cif kamar jiya anka ɗaure su. Na yi hamdala na kai hannu. Hannuna ya nutse har gwiwa, damin ya rushe ya zama gari, na kusa da shi ma ya bi, gara ta yi ta zubowa fara fat tana hawan damtsena. Waɗanda sunka sayar da rumbun kafin ni sunka sulale ɗaya bayan ɗaya.

Ban san ko dattijon ya sani ba, Allah ya jiƙansa. Na dai san dukanmu mun ji wannan sautin, kowa ya yi shiru don ya samu wanda zai miƙa wa, muna kiran abin kunya da girmama manya. 'Yan'uwa, kada ku ɗora gadon gidanku a kan abin da idonku bai gani ba, ko wa ya rantse muku. Ɗiyata ta rayu da taimakon dangi. Gonar mahaifina kuwa har yau ni ke noma ta, amma da yamma sai in tsaya a bakin kunyar gonar tare da sauran 'yan ƙwadago a ba ni ladan yini.