Simintin Kawu

Shekarun baya, lokacin farin nan da ya sa ake raba tuwo da ido, ina ɗan aikin tafinta a birni. Turancina na tasha ne, amma a ƙauyenmu ta wajen Bici ni ne farfesa.

Kawuna magini ne. Shi ya gina masallacin garinmu da tubali da azara, ya zane bangon da yatsunsa tun laka tana ɗanya. Wasu baƙi suka ɗauki hoton ginin, sai ga labari wai ya shiga wata gasar gine-gine ta duniya, alƙalai za su zo su gani da idonsu. In ya ci, har ƙetaren teku za a san da Kawu. Ni na kai albishir, ina ta hura hanci.

"Manyan baƙi haka," in ji shi, "su zo su tarar da ɗakin Allah da laka kamar rumbu? Kai dai yawon duniyar nan bai koya maka karɓar baƙo ba."

Na yi dariya na koma birni. Wallahi na ɗauka wasa yake.

Ashe shanun nomansa ya sayar, a wannan shekarar ta yunwa. Mutanen gari suka ƙara da ɗan geron da ya rage musu, aka sayo siminti da fenti.

Ranar da na rako alƙalan, muna shan kwana na hango abin da aka yi. Masallaci ya zama kore shar, sumul kamar bangon asibiti. Ga Kawu a ƙofa cikin babbar riga, bakinsa har kunne.

Shugabar tasu, wata dattijuwa, ta dubi hoton da ke hannunta, ta dubi bango. Ta ce, "Ina ginin?"

"Me Hajiyar ta ce?" in ji Kawu.

Na buɗe baki, Turanci ya gudu, Hausar ma ta bi shi. Matar ta matsa tana shafa fentin a hankali, idonta ya kawo ruwa.

Kawu ya dafa ni. "Bar shi, ɗan nan. Wannan ba sai an fassara ba."

Duk da haka sai da ya sa aka dama musu fura. Suna tafiya ya ɗauko guduma ya ɓamɓare gefe guda. Simintin ya taso da zanen manne a bayansa, ya zube ya zama gari. Ya daɗe yana kallo, sannan ya ajiye gudumar. Damina ta same shi da fartanya, ba shanu. Bai ƙara ɗora tubali ba har Allah Ya karɓi abinSa.

Ni ba wani darasi na koya ba. Masallacin yana nan, duk shekara matasa suna sake masa fenti, suna nuna min da alfahari. Sai in ce, "Madalla, ya yi kyau," in shiga in yi sallata, in fito ban kalli bangon ba.