Dafaffen Hannu a Bawku

Mun tashi daga Salaga ladan bai sauke hannu daga kunne ba, kwana shida bayan ƙaramar Sallah, ni da maigidana da 'yarmu mai wata bakwai a bayana. Ku matan unguwa da kuka yi ta tambayata me ya kai mai goyo Bawku a tsakiyar bazara, ga amsarku a rubuce, don na gaji da faɗa wa ɗaya-ɗaya a bakin rijiya.

Kun san maigidana tela ne, kun kuma san ciwonsa. Wasu mazan ƙwallo, wasu dara, shi koyon faɗa. Bai taɓa marin kowa ba, kaza mai 'ya'ya ma korarsa take daga tsakar gida. Amma tun da aka buɗe gidan bidiyo a tasha ya ga 'yan Cana suna tsalle, ya ɗinka wa kansa fararen kaya da buhun fulawa, ya bi wani malamin makaranta ɗan Kumasi shekara biyu yana koyon karate. Da aka ɗauke malamin sai ya koma kokawa wajen manoma, ya bi Fulanin da ke kiwon shanun unguwa suka koya masa wasan sanda. Dambe ne ya rage masa, aka kuma ce akwai wani tsohon mahauci a Bawku da ya gaji abin tun kakanni.

Ni tsalle-tsalle bai dame ni ba. Abin da ya hana ni sukuni maganar matar mahaucin layinmu ce. Ta ce tsohon nan ba koyarwa kaɗai yake ba, yana dafa hannu: a ɗaure dunƙule, a yi tsaga a tsintsiyar hannu, a shafa baƙin magani. Hannun da aka dafa kuwa, in ji ta, ba ya taɓa jariri ya bar shi lafiya. To ni na binne ɗana na fari yana wata biyar, kun zo min gaisuwa. Wannan yarinyar kuma ba ta barci sai a kan hannun daman ubanta, yana bubbuga mata baya. Ya rantse min takun ƙafa kawai zai koyo. Na ce to, tunda taku ne, ni ma zan je in ga taku.

Lori mai katako muka shiga, rabi doya rabi mutane. Hanyar Bimbila kamar bayan kada, haƙoranka na kaɗawa ko ba ka jin sanyi. Gonaki duk an ƙone ana jiran ruwa, ba abin da ke tsaye sai suri, jajaye, dogaye, kamar mutane sun yafa mayafi suna kallon mota. A Bimbila muka sha koko. Ƙosansu kuɗi ɗaya da namu, amma ƙanƙanta, ka iya kora shi da ruwa kamar ƙwayar asibiti. Mangwaro kuwa har kyauta wata tsohuwa ta ba ni, ta ce mai shayarwa ba ta saye.

Mun kwana biyu a Yendi wajen gwaggon maigida, saboda wani tsohon soja da ke koyar da judo a bayan injin niƙa. An zuba ƙaiƙayin shinkafa an rufe da tampol. Yini guda abin da aka koya wa maigida faɗuwa ce. Mazaje shida, har da mai furfura, a ɗaga mutum a nana shi da ƙasa, ya mari tampol da tafin hannu, ya tashi, ya rusuna. Ba mai magana, ba mai dariya. Da aka kashe inji da azahar sai ƙarar ta rage ita kaɗai, tim, tim, kamar ana daka a gidan makoki. Ina zaune a inuwar darbejiya ina tunanin mutumin da ya bar keken ɗinki ya biya mota don a kā da shi.

Da za mu yi sallama sojan ya tambayi inda muka nufa. Maigida ya faɗa masa. Sojan ya tsaya yana kallon ƙafafun yarinya da suka leƙo ta gefen kwankwasona.

"Da ita za ku?"

"Uwarta ta ƙi zama, Oga."

"To. In kun gaisa da tsohon, ka duba hannun da zai ba ka."

Maigida ya yi dariya. Ni na ƙulle maganar a bakin zane.

Ta Gushegu muka bi. Gangaren dutsen Nakpanduri ba zan manta shi ba. Mota cike da surutu, da muka zo bakin gangaren kowa ya yi tsit, leɓuna kawai ke motsi, Musulmi da Kirista da mai bin gargajiya kowa da abin da ya riƙe. Can ƙasa na hango ƙwarangwal ɗin wata lori, bishiya ta fito ta tagar direba. Bayan nan ƙasa ta sauya: gidaje masu zagaye, kuka ko'ina, amalanken jakuna. Tun ba mu ga Bawku ba muka ji ta, warin albasa ne ya tarye mu.

Kasuwarsu ta fi ƙarfin ido. Kuɗin da za ki sayi ɗan kashin albasa a Salaga, can ya kusa cika miki kwano. Atamfofin Togo, ƙananan babura na Burkina suna kutsawa tsakanin shanu, tubani da yaji, soyayyen cukun da suke kira wagashi, gasasshiyar zabuwa da har yanzu nake jin ta a bakina. Harsuna kuwa sun fi biyar a rumfa ɗaya, da wata Hausa mai sauri wadda sai na kasa kunne.

Gidan tsohon yana bayan mayanka. Ungulaye jere a kan kwanon rufi, ba sa tashi in an wuce. Gida babba, ɗakuna shida, a share tas, amma ba takalmin yaro a ƙofa, ba shanyar ƙananan kaya, ba wanda ya yi zane da gawayi a bango. Shi da matarsa kaɗai. Dogo ne, ƙashi ya fi nama, idanunsa sun yi fari da yana. Maigida ya durƙusa ya miƙa hannu biyu. Tsohon ya ba shi hagu. Damansa na cikin hannun riga, a manne da ciki, kamar mai ɓoye abin da ya tsinta.

Daga nan na sa ido. Daman nan yana alwala da ita, yana cin tuwo da ita, amma ba ta taɓa mutum. In matarsa za ta ba shi ruwa ta hagu take zagayowa. Kyanwar gidan ma ta hagu take kwanciya. Kada ku ce na ƙara gishiri, sau uku na gani.

Koyon a wani kango ake yi a bayan gida, mata ba sa shiga, amma katangar ta zube ta gefe ɗaya, ina gani daga madafa. Tsohon ya koya wa maigida tsayuwa, hagu a gaba tana tare, dama a baya tana jira. Tsohon ba ya gani sosai, da kunne yake gyara shi. Maigida ya manta ya ɗaga ƙafa irin ta karate, tsohon ya ce, "Tela, sauke. Nan ba fim ba ne." Ya yi kuwwar 'yan karate, tsohon ya ce, "Wa ya taka ka?"

Rana ta biyu muna wanke kayan ciki da matarsa, Mma nake ce mata, na kasa haƙuri na tambaye ta zancen hannun. Tana murza tumbi ta ba ni labarin. Ta ce yana matashi aka dafa masa, ubangidansa ya ce kwana arba'in kada hannun ya taɓa jariri. Saura kwana huɗu ya je wasa ya kā da wani shahararre, ya dawo da makaɗa a bayansa, ɗansu ya rarrafo ƙofa, ya sure shi ya ɗaga sama. Kwana uku yaron ya yi ya rasu.

"Ƙyanda ce, 'yata," in ji ta. "Shekarar nan ta ɗebi yara a unguwa. Na gaya masa, liman ya gaya masa. Har yau bai yarda ba. Ba mu sake samu ba kuma."

Na ce, "To me ya sa yake yi wa wasu, Mma?"

"Gado ne. Yana ƙi sau biyu. In mutum ya roƙa na uku, sai ya yi masa, ya ce shi ya fita hakkinsa."

Na tambaye ta ko mijina ya roƙa. Ta ci gaba da murza tumbi.

Ni na san mutumin da na aura. Ko cikin barci yarinya ta yi motsi hannunsa ya riga idonsa isa gare ta. Kwana arba'in? Ko kwana ɗaya ba zai kai ba.

Washegari da hantsi na fito wanka, na saɓa yarinya a baya, na je igiya ɗaukar majanyina, babu. Majanyin saƙi ne da uwata ta goya ni da shi. Na duba ɗaki, na duba bayan randa. Sai na hango shi ta wajen zubabbiyar katangar, a naɗe a dunƙulen maigida. Ashe tsohon ya ce ya kawo tsumma daga kayansa, shi kuwa da idon tela ya ga saƙi mai ƙarfi, faɗinsa daidai, ya ciro. Ya riga ya fara zagaya igiya a kai. Tsohon na zaune a kan turmi, aska a hannun hagu, ƙaramin ƙaho mai baƙin gari a gabansa.

Ban yi ihu ba. Ban ma san lokacin da na tsallake katangar ba. Yarinya ta fara kuka saboda girgiza, na sauko da ita na ɗora ta a kan wannan hannun, a kan majanyin da igiyar duka, na ja baya. Ta yi ajiyar zuciya biyu ta yi shiru.

"Wa ya shigo?" in ji tsohon.

"Ni ce, Baba. Majanyina na zo karɓa."

Ya ajiye askar. Ya lalubo bakin tsumman da hagu, ya sunkuya ya kai hanci. Ya daɗe a haka. Nono da man kaɗanya da fitsarin yara, wanki ba ya fitar da su, kun sani.

"Tela," ya ce, "kwance. Wannan hannun yana da mai shi."

Da ya sunkuya ne damansa ta zame daga cikin riga. Na gan ta da kyau: ta fi hagun ƙanƙanta, ta yi fari kamar doyar da aka fere, tabon tsaga jere a tsintsiya. Kafin in ƙifta ido yarinya ta miƙa hannu ta kama babban yatsansa, irin kamun da suke yi wa ɗan kunne.

Ba wanda ya motsa. Mma na tsaye bakin katanga da ludayi a hannu. Ina jin ƙafafun ungulaye a kan kwano.

"Cire ta, 'yata," ya ce a hankali. "Ni ba zan iya motsi ba."

Yatsunta na ɓamɓare ɗaya bayan ɗaya. Nasa yatsan sanyi ƙalau, a wannan zafin. Ya tashi ya shige ɗaki, ba mu sake ganinsa ba har muka ɗauki kaya. Mma ta raka mu bakin mayanka, ta tofa wa yarinya addu'a a ka, ta ce, "Ƙyanda ce fa." Ban san ko ni take gaya wa ba.

Ta Bolga da Walewale da Tamale muka dawo, hanyar kwalta, amma ba zan iya gaya muku abin da ake sayarwa a can ba. Tafin hannuna na kan goshinta tun daga Bawku har rijiyoyin Salaga. Maigida ne ya riƙe ta duk hanya, a Walewale ya ce, "Ki yafe ni." Na ce ya bari tukuna mu ga kwana uku.

Kwana uku suka wuce. Ran na tara jikinta ya yi zafi, na ruga asibiti ba ko ɗankwali, nas ta buɗe bakinta ta nuna min haƙori. Yau kwana arba'in da bakwai. Tana rarrafe, jiya ta cinye wa ubanta allin ɗinki.

In kun tambaye ni abin da tafiyar ta koya min, ba shi da yawa. Namiji mai sha'awar abu ba a hana shi da baki, bin sa ake yi. Kada kuma ki shanya majanyi inda tela zai gani. Ko maganin nan gaskiya ne ko ƙyanda ce, ni ban sani ba, ilimina bai kai nan ba. Na dai ga gida mai ɗaki shida da ba takalmin yaro. Maigida yana nan yana tsallensa da asuba a bayan shago, ya ƙara da faɗuwar Yendi da takun Bawku, hannunsa kuma ba tsaga.

Ranar da aka cika arba'in na samu direban motar albasa mai zuwa Bawku, na kwatanta masa gidan, na ce ya gaya wa tsohon yarinyar da ta kama masa yatsa tana nan lafiya, har haƙori biyu. Shekaranjiya ya dawo. Ya ce ya isar, tsohon ya sa ya maimaita sau biyu, da zai tafi kuma tsohon ya tashi ya raka shi ƙofa ya ba shi hannu.

Na ce, "Wanne hannun?"

Ya ce wallahi shi bai lura ba.