Malam Rilwanu da Injin Casar da Bai Kai Gare Shi Ba

Daga Allah muke, gare Shi za mu koma. Ranar Laraba, 12 ga Fabrairun 2025, bayan azahar, aka kira ni cewa Malam Rilwanu Dosara ya rasu a Talata Mafara, bayan gajeriyar jinya. Na ce to. Na ƙarasa wanke babur ɗina, sannan na tafi jana'iza. Har yau ban yi kuka ba, ban kuma san dalili ba.

Malam, tare muka yi aiki a ƙungiyar kare haƙƙin leburori. Kai ka zo mana da manhajar kwamfuta da ake ɗura wa bayanan wuraren aiki, tana koyo daga waɗanda aka taɓa kamawa, har ta nuna inda take zaton ana danne ladan ma'aikata. Ni nake tambayo bayanan, kai kake ɗurawa. Kullum ina tsoron na rubuta ba daidai ba. Kakan ce, "Kwantar da hankalinka, zato kawai take yi. Sai ƙafa ta taka wurin."

Ba ka taɓa tambayar lebura a gaban maigidansa ba, domin ka san alhamdulillahi zai ce. Motar kasuwa kake bi ka matsu da su, ka gaida gida da gajiya da yara, sai an kusa sauka maganar ta fito. Wani mai gidan burodi a Maradun da manhajar ta zarga, kai ka je ka wanke shi, har ka ba shi haƙuri.

Na ƙarshe da ta nuna wani injin casar shinkafa ne wajen Damri. Ka yi wa matan da ke shiƙa a wurin alkawarin zuwa. Ba ka samu zuwa ba.

Ranar sadakar uku wata dattijuwa cikinsu, Inna Dada, ta tare ni a ƙofar gida. Bayan gaisuwa ta ce, "Ɗan nan, har yau da tsakin shinkafa aka biyanmu. Yanzu wa za shi zo muna?"

Ban iya tambaya irin taka ba, Malam. Amma na ji bakina ya ce, "Ni, Inna."

Allah Ya gafarta maka, Ya haskaka kabarinka. Allah Ya ba matarka Malama Taiba da 'ya'yanka su Mubarak haƙurin rashinka. Gobe kasuwar Damri ke ci. Zan bar babur a gida, in bi mota.