Maganin Goggo Ba Tsaraba Ba Ne

Tun da na dawo nake jin maganar tana yawo a Boɗinga, daga bakin rijiya har rumfar teloli. Wai Saratu 'yar Malam Umaru tela ta tafi jajen ambaliya, ta ƙare da bin tabarmin mata tana ƙwace musu tsaraba. Wasu ma sun ƙara da cewa har sabulu na karɓe. Ƙarya ne, ban taɓa sabulun kowa ba. Abin da na karɓe maganin hawan jinin Goggona ne, kuma da za a sake, haka zan sake yi. Ga yadda tafiyar ta kasance. Wadda ba ta iya karatu ba ta sa a karanta mata, ta huta da ƙirƙira.

Goggo Hajo yayar babanmu ce, tana zaune a wani ƙauye gaba da Mandera. Bara waccan jininta ya hau har bakinta ya karkace, hannun hagu ya daina aiki na wani lokaci. Likita a Sakkwato ya ɗora ta kan ƙwaya iri biyu, rawaya da fara, ya ce in ta daina sha abin zai dawo, kuma in ya dawo da wuya ya bar ta da magana. Sai ga ruwan nan na tsakiyar damina da ya kwana ya wuni. Rafi ya fashe ya shiga garinsu, ɗakinta ya zauna, maganin ya bi ruwa tare da kajinta. Kafin saƙo ya iso mu ta yi kusan mako ba ta sha ba.

Boɗinga

Kun san zamanin da muke ciki. Asibiti takarda kawai suke miƙo maka, su ce ka nema a kemis. Baba ya wuni yana zagaya kemis-kemis na Sakkwato kafin ya haɗa na wata biyu. Ƙafarsa ba ta iya doguwar tafiya, ni kuma na gama sakandare ina zaune ba aiki, don haka tafiyar ta faɗo kaina.

Ana idar da sallar asuba Inna ta ɗauko langa mai marfi, ta zuba goro da sukari da sabulu, ta tura ƙullin maganin a tsakiya. Na ce ta ba ni in sa a jakata.

Ta ce, "Jakar taki mai yoyo? Ruwa na bisa. Bar shi nan, marhin na kamawa."

Na bari, domin gardama da Inna da sassafe ba ta taɓa kai kowa tasha da wuri ba.

A bakin titi na sami akori-kura mai zuwa Shagari. Direban, wani siriri da ake kira Ɗan Ige, yana da tutocin jam'iyyu biyu a ƙarƙashin kujerarsa. Kafin mu tashi ya ciro ɗaya ya soke a gaban mota. Na tambaye shi wacce ce tasa a ciki. Ya ce, "Tau, ƙanwata, tawa ita ta wadda anka hi so garin da za ni."

Sifawa

Rana ba ta gama fitowa ba muka kai Sifawa. An gitta ganguna da katako a hanya. Wani ɗan sanda ya leƙo, ya nuna langata da sandarsa, na buɗe. Ya wuce goro, ya wuce sabulu, ya ɗago ƙullin.

"Ke likita ce?"

"A'a. Na goggona ne, na hawan jini."

"To ba ni biyu, bayana ke ciwo tun jiya."

Na ce ba na baya ba ne. Ya ce magani ai magani ne. Na ce in haka ne ya sha man birki, shi ma daga kanti yake. Ɗan Ige ya yi maza ya danƙa masa goro daga aljihunsa, ya ja mota. Har muka yi nisa yana faɗa, wai 'yan boko za su sa shi kwana a caji ofis.

Shagari

Da hantsi muka sauka. Tun da garin nan ya fitar da babban mutum, mutanenmu ke zaton ko masa kyauta ake rabawa a can. Ba kyauta ba ce, uku sule, kuma ta sha iska. Na ci da kunu a tsaye.

A tasha na ga babbar mota an lafta mata shinkafa da barguna, da lasifika a ka, ana ta shelar za a kai wa waɗanda ruwa ya ci. Na roƙi su rage mini hanya. Suka ce suna jiran mai hoto. Da na ga mai hoton ba shi da niyyar zuwa, na hau wata motar kaya zuwa Mandera. Daga nan sai amalanken shanu, daga inda shanun suka ƙi gaba kuma sai ƙafa. Na tattare zane, na ɗora langa a ka, na ratsa ruwa har gwiwa.

Makarantar firamare

Garin duka ya koma makaranta, don ita kaɗai ke kan tudu. Mata a aji uku, maza a aji biyar, awaki a barandar hedimasta. A gindin bedi, wato dogon yaro, wani ma'aikacin lafiya ya kafa tebur. Na tsaya na tambaye shi ko yana da na hawan jini. Ya buɗe mini akwatinsa da kansa: na gudawa, na zazzaɓi, na wanke ciwo. Ya ce abin da aka haɗo shi da shi ke nan, masu tsohon ciwo sai dai su yi haƙuri ruwa ya janye. Na ce jinin Goggo bai san ana ambaliya ba. Ya ce shi ma ya faɗa wa manyansa.

Na sami Goggo kwance a ƙarƙashin allo, ta ɗaure kai da tsumma, idanunta jawur.

"Wa nika gani? Saratu? Ke ɗai kinka zaka cikin ruwan ga?"

"Ni kaɗai, Goggo. Buɗe baki."

Ban ko gaishe ta ba sai da na ga rawaya da fara sun wuce maƙogwaronta. Sannan na durƙusa na yi gaisuwa yadda aka koya mini, na tura mata langar, na ce ga saƙon Baba da Inna. Na nuna ƙullin na ce wannan nata ne ita kaɗai. Ta ce, "Awo, na jiya."

Daga nan matar ɗanta ta ja ni zagayen jaje. Ba a zuwa garin da aka yi asara a gaida mutum ɗaya. Muka gaida mai gari, muka gaida liman, muka je na ga inda ɗakin Goggo yake da, yanzu tulin laka da ƙyauren kwano a kai. Ba mu dawo ba sai bayan la'asar.

Tun daga nesa na lura da wani abu. Mata na fita daga aji uku da buta, suna zagawa bayan makaranta, suna dawowa, wasu na sake fita. Har layi ake yi. Farar ƙwayar nan aikinta ke nan, fitar da ruwa daga jiki. Na ruga cikin ajin.

Langa na gaban Goggo, wayam.

"Goggo, ina maganin?"

"Na raba."

"Kin me?"

"Na raba, ɗiyata. Tsaraba ta zo gaban jama'a, in ɓoye? Kowa ya samu goro, kowa ya samu sukari. Kuma tun da ruwan ga yaz zo babu wadda kanta ba ya ciwo. In zanna ina haɗiya su suna kallo? Ga nawa nan na aje."

Ta kwance bakin zane ta nuna mini guda huɗu. Maganin wata biyu, wunin Baba guda a Sakkwato, ta bar wa kanta guda huɗu, tana kuma jira in yaba mata.

Na san ƙa'ida. Abin da baƙo ya kawo a langa ɗaya tsaraba ne, tsaraba kuwa ta kowa ce, kuma abin da aka ba mutum ba a zuwa a ce ya maido. Amma na kalli gefen bakin Goggo, wanda har yau bai gama komawa daidai ba, na ga ƙa'idar nan ba za ta yi mata magana ba ranar da harshenta ya ƙi.

Na hau gaban allo na buga langa da marfinta.

"Iyayena, ku yi haƙuri. Goro naku ne, sabulu naku ne. Ƙwayoyin nan kuwa a maido mini su yanzu."

Wata tsohuwa ta riƙe haɓa. "La ilaha! Ɗiyar wa ta wagga? Ana amshe kyauta?"

"Yau za a fara, Iya. Sau nawa kika zaga tun azahar?"

Aka fashe da dariya, har da ita. Wata daga lungu ta ce ita ta ba mijinta nata, kuma ladan ne, tun ɗazu alwala yake sabuntawa, ko kiran la'asar wani ya yi masa. Goggo ta ja mayafi ta rufe fuska, tana cewa na kashe ta da ranta, ta ina za ta sake kallon mutane.

Na bi tabarma-tabarma da marfin langa a hannu. Daga bakin ɗankwali, daga cikin gwangwanin kwalli, daga ƙarƙashin matashi. Wasu sun miƙo suna dariya, wasu sun jefo ba su dube ni ba. Wata ta ce ta shanye nata duka uku don ya fi saurin aiki, ga ta nan kwance jiri na ɗibarta. Na kira ma'aikacin nan ya duba ta, ya ce ta kwanta ta yi ta shan ruwa.

A bakin taga na zo kan wata mata, Tumba, tana zaune ta dafa gwiwoyi, ƙirjinta na kuka kamar ana jan zarto. Ta damƙe hannunta ta ƙi buɗewa.

"Baba Tumba, ba na ciwonki ba ne."

Sai da ta huta kafin ta iya amsawa. "Na sani. Nawa ruwa ya tahi da shi. Asma ta. Shekara da shekaru ina sha. Na ce ko wanga ya ɗan taɓa."

An kawo musu bargo, an yi alkawarin shinkafa, amma babu wanda ya shigo ajin nan ya tambayi wa ke shan magani tun kafin ruwa. Na buɗe yatsunta a hankali na ɗauke ƙwayoyin. Na tambaye ta kamannin nata, ta kwatanta mini, na sa ma'aikacin ya gaya mini sunan maganin. Na ce mata zan kawo. Ta dube ni irin kallon da ake yi wa masu lasifika.

Ta ƙarshe ita ce Kulu mai daddawa. Tun ina zagayen ake raɗa mini cewa a nan zan sha wuya, don a tarihin kasuwar garin ba ta taɓa yi wa kowa gyara ba. Ta kwance ƙulli, cikin ƙulli, cikin wani ƙullin. Nata na nan cif, har da na wasu mata biyar da ta karɓa ta ba su gishiri.

"Mi za ki yi da su?" na tambaye ta.

"Ajiya. Abin da anka sawo da kuɗɗi ba a watsa shi kamar tsaba."

Na dube ta, na dubi marfin langa. Abin da na tara bai fi na wata guda ba. Na juye shi duka a ƙullin Kulu, na ce kullum da safe ta ba Goggo rawaya da fara, ta tsaya sai ta haɗiye, ko mai gari ya roƙa kada ta ba shi.

Goggo ta yaye mayafi. "Kulu? Kulu da ko barkono ba ta ba maƙwabci?"

"Shi ya sa, Goggo."

Kulu ta ƙulle abinta ta tura cikin lalita. "Hajo, ki kwana lahiya. In kin ga ta ukku ta hito nan, mutuwa niy yi."

Komawa

Na kwana a aji uku tsakanin Goggo, wadda ta juya mini baya, da wata akuya da ta ƙi zaman baranda. Da gari ya waye na ga Kulu tsaye a kan Goggo da moɗar ruwa, har tana sa ta buɗe baki ta ɗaga harshe. Goggo ta ce kan ya ɗan sake ta, amma ba da ni take magana ba, da bango take.

Ruwa ya ragu zuwa idon sawu. A Mandera na haɗu da motar shinkafa ta kafe a laka, mai hoto na taya turi. Na sami mota a Shagari bayan azahar, na iso Boɗinga kafin magariba, na tarar labarina ya riga ni sauka. Na gode wa Allah da ya kai ni ya dawo da ni, na gode wa Ɗan Ige da goronsa, da ma'aikacin gindin bedi da bai ɓoye mini gaskiyar akwatinsa ba, da Kulu, Allah ya ƙara mata rowa.

Baba ya ce dole in koma in ba matan nan haƙuri, don sunan gidanmu. Na ce zan koma ranar Laraba, amma sai ya fara bi ta kemis ya samo na Tumba da cikon na Goggo. In na je zan tsaya gaban allon nan in tambayi duk mai tsohon ciwo abin da take sha, tun da babu wanda ya ga dama ya tambaya. Haƙurin zan bayar, a tsaye, a gurguje. Magani kuwa a ƙugu zan ɗaure shi, daga hannuna sai hannun Kulu. Langar Inna ta zauna a gida.